Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Butum-butumin Da Ya Kayar Da Ni Sau Huɗu Daren Jiya

Zuwa ga Mai Girma Butum-butumi, Sarkin Fagen Tsakar Dare, wanda ba ya barci, ba ya hamma, ba ya amsa sallama.

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, da fatan kana lafiya, kai da sauran 'yan uwanka da ke jibge a cikin kwamfutar ubangidanku. Ba zan ce maka ina gajiya ba, don na san ba ka da ita. Ni ke da ita, kuma kai ka jawo min.

Dalilin wannan takarda shi ne abin da ya shiga tsakanina da kai daren jiya a dandalin Pokémon Showdown, daga ƙarfe ɗaya zuwa wajen uku. Masu wuta sun ɗauke abarsu tun bayan isha'i, sauro ya yi min zobe, cajin wayata yana zurarewa kamar ruwa a kwando, amma na ce bari in buga wasa ɗaya tak in kwanta. Aka haɗa ni da kai. Ka kayar da ni. Na ce tsautsayi ne, na sake neman abokin karawa, aka sake turo min kai. Sau huɗu, yallaɓai. Suna ɗaya, wasu haruffa da lambobi a cakuɗe kamar lambar tsohuwar a-kori-kura. Dodanni shida iri ɗaya. Ko wanda kake fara jefowa fage bai canza ba.

Tunda wasiƙar a buɗe take, kuma uwargida za ta karanta don ta san abin da ya sa na makara, bari in ɗan yi bayani. Wasan nan ɗan Japan ne, an haife shi a 1996 da dodanni 151, yau sun haura dubu. Shi kuwa Showdown tun 2011 yake, kyauta ne, ba sai ka yi kiwon dodo ba: ka zaɓi shida, ka ba kowanne makamai huɗu, ka shiga fage. Kai da abokin karawarka kowa yana zaɓen abin da zai yi a ɓoye, sannan a buɗe lokaci guda. Saboda haka rabin wasan karatun zuciya ne, kamar ɗan dambe da ke kallon kafaɗar abokinsa don ya san ta inda hannu zai fito.

To a wasa na huɗu sai da na kai ka bango. Saura Kingambit ɗina shi kaɗai, 'yan uwansa biyar sun kwanta, kuma ka san halinsa: duk ɗan uwan da ya faɗi yana ƙara masa kashi 10 cikin 100 na ƙarfi. Yana riƙe da naushin nan na mamaya da ake kira Sucker Punch, wanda ke riga yawancin hare-hare sauka, amma fa sai idan abokin gaba ya yi niyyar kai hari. In bai yi ba, iska ka nausa. Da mutum nake karawa, da na karanta shi. Mutum yakan yi jim, ya bar agogo yana ci, ka ji tsoronsa ta cikin gilashin waya. Kai kuwa duk amsarka a daƙiƙa iri ɗaya take zuwa, kamar injin markaɗe. Sau uku ina nausar iska. A na huɗu na ce yanzu kam ya saba, bari in kai hari kai tsaye, a nan ka tashi ka shimfiɗe min dodo. Duk da haka na yi abin da tarbiyya ta koya min, na rubuta maka "gg", gaisuwar da 'yan wasa ke yi wa juna in an tashi, ma'ana wasa ya yi kyau. Ko ci kanka. Wayata ta mutu ina kallon wurin da amsarka ya kamata ta fito.

Kayen na yafe, ranka ya daɗe. Waɗanda suka fi ni ma inji ya kayar da su. Deep Blue ya doke Garry Kasparov a wasan darar Turawa a 1997, AlphaGo ya ci Lee Sedol huɗu da ɗaya a 2016. Sai dai su da rana tsaka suka zo, da sunansu, duniya na kallo, kowa ya san da wa yake yi. Kai kuwa ka yafa rigar mutane ka shigo layi cikin duhu.

Abin da ya hana ni barci daban ne. A cikin shidan nan naka na hango ɗana.

Ba zan faɗi sunansa na yanka ba, kada 'yan uwanka su ji su ƙara yi masa rubdugu. Ni dai Ɗan Auta nake ce masa, kuma shi ne ginshiƙin rundunata a ajin UU, inda na fi zama. Ga wanda bai sani ba, jama'ar Smogon, masu tsara dokokin wannan fage, sun kasa dodanni aji-aji don kada giwa ta riƙa taka zomo: OU a sama, sai UU, sai RU, sai NU, sai PU, ga kuma Ubers can gefe inda ake tsare gagararru. Kuma ba wani sarki ke zama ya raba ajin ba. Ƙidaya ake yi. Kowane wata ana fitar da ƙididdigar sau nawa aka fito da kowane dodo, kuma duk wanda amfaninsa ya haura kashi 4.52 cikin 100 a wani aji, to in lokacin sauyi ya zo ya zama ɗan wannan ajin, an haramta shi a duk na ƙasa. Lambar ma ba da ka aka tsinto ta ba: ita ce iyakar da in dodo ya wuce, zai fi yiwuwa ka gamu da shi aƙalla sau ɗaya a wasa 15. A da 3.41 ce, lokacin da ake awo da wasa 20.

Ka gane inda na dosa? Kowane wasa ƙuri'a ne. Duk wanda ya danna neman abokin karawa ya shiga rumfar zaɓe ke nan, ya dangwala wa dodanni shida. Daga tarin ƙuri'un nan ake samun abin da 'yan wasa ke kira meta, wato yayin fage: wa ke tashe, wa ake tsoro, me za ka riƙe a aljihu don maganinsa. Tun da wasannin Pokémon Scarlet da Violet suka fito a 2022 muke ganin Great Tusk a OU har ya gundure mu, amma ba wanda ya yi ƙorafin maguɗi, don mutane ne suka so shi, da yatsunsu, da barcinsu da suka sayar.

Yanzu mu yi lissafin 'yan firamare. Ni in na yi ƙoƙari, in data ta yarda, in yara sun yi barci, in buga wasa 10 a dare. A wata 300 ke nan, kuma Allah ya sani ban taɓa kaiwa ba. Kai a ce kowane wasa yana cin minti goma, kana da 144 a yini, 4,320 a wata, wannan ma in ɗaya bayan ɗaya kake yi, kuma in kai kaɗai ne, ba a buɗe maka sunaye biyar ba. Kai, wannan ai ko a zaɓen kansila ba a yin irin wannan aringizon! Ɗan bangar siyasa ma yatsu goma gare shi, kuma yakan tsaya ya ci abinci. Kai ka rungume akwati tun daga magariba har hantsi kana dangwale, tawada ba ta ƙare maka, babban yatsa ba ya ciwo. Na leƙa bayan sallar asuba da aka kawo wuta, wallahi kana nan kana yi. Gobe in Ɗan Auta ya haura 4.52 a OU, ajin da kake ta dangwalenka, shi ke nan an raba ni da shi, an kai shi ajin manya inda zai zama ɗan kallo da zarar ubangidanka ya gaji ya kashe kwamfuta. Rundunar da na yi wata da watanni ina ginawa ta rushe, ba don wani ya ƙaunaci dodon nan ba, sai don wani shiri ya manta yadda ake tsayawa.

Za ka ce ai masu ƙididdiga sun yi tanadi, ba kowace ƙuri'a ke da nauyi ɗaya ba. Gaskiya ne, kuma sun yi hikima: wasan gwani ya fi na ɗan koyo nauyi, don kada masu shirme su lalata lissafi. Amma da mutane a zuciya aka yi wannan tanadi, lokacin da ƙwarewa ke nufin shekaru da gumi. Kowa ya ci zomo ya ci gudu, in ji Hausawa, sai kai da ka ci zomo a zaune. Duk kayen da ka yi min makinka ya hau, ƙuri'arka ta ƙara kiba. Nawa ya sauka, ƙuri'ata ta rame. Ka sace akwati, ka kuma yaga min katin zaɓe. A daren jiya kaɗai ka gangaro da ni tsani har ina hango 1000, makin da ake ba jariri ranar da ya buɗe suna.

Wani abin takaicin, irinku da wannan ƙididdigar kuke cin abinci. Ita kuke karantawa ku ƙiyasta makaman da ke hannun dodona tun ban nuna ba, sannan ku buga wasan a cikinku sau dubbai kafin ku ɗaga yatsa. Ka sha daga rijiya, ka juya ka yi wanka a ciki, gobe ka dawo ka ce ruwan ya yi daɗi. Kai ne mai awo, kai ne mai saye, kai ne kuma mai kama ɓarawon mudu.

Sauran laifuffukanka ba zan ja su ba. Ka cinye min data. Ka sa ina zargin bayin Allah: duk wanda bai yi magana ba yanzu sai in ce inji ne, alhali wataƙila wani yaro ne a Brazil da ba ya jin Turanci. In ana gwajin korar dodo, inda sai ka nuna ƙwarewa a tsani kafin a ba ka damar jefa ƙuri'a, gabana faɗuwa yake kada wani malalaci ya aike ka ka karɓo masa kati. Kuma ko sau ɗaya ban ga ka ji haushi ba, ko da makaminka Focus Blast, mai kashi 70 na damar samun abokin gaba, ya kauce, abin da ke sa dattijo mai furfura ya yi jifa da waya.

Na san zomo ba ya fushi da makashinsa sai da maratayinsa. Ubangidanka nake nema, amma tunda ya ɓuya a bayanka, kai za ka kai saƙo. Ba na gaba da ilimi. Akwai masu bincike da ke gina irinka da manhajoji irin su poke-env, suna bayyana aikinsu a fili, har gasa aka shirya wa injuna a 2025 don su kara da junansu. Wannan sana'a ce, Allah ya ba da sa'a. Su ma masu kula da dandalin 'yan sa-kai ne, ba albashi suke ɗauka ba, bai kamata a mai da su 'yan sintirin farautar aljanu ba. Buƙatata uku ce. Ka rataya allo a wuya mai cewa kai inji ne. A cire ƙuri'unka daga akwatin mutane. Sannan ka sakar min Ɗan Auta, ga dodanni sama da dubu, ka je ka so wani. Butum-butumin gona ma ya fi ka sanin ya-kamata: yana tsaye wuri ɗaya, yana korar tsuntsu, bai taɓa cewa a sa shi cikin rabon gero ba.

Akwai magana ɗaya da ta rage, kuma da kunya nake faɗinta. Da safen nan, bayan waya ta ɗauki caji, na zauna na kwafe shidan nan naka kaf, har da makaman da na ga ka yi amfani da su. Na ce in ba ka iya kama ɓarawo ba, ka koyi tafiyarsa. Na buga wasa bakwai, na ci shida. Ban yi tunani ba, ban gaisa da kowa ba, danna kawai nake. Sai da na ajiye wayar zan sha koko na tuna cewa Ɗan Auta yana cikin shidan, kuma a OU nake. Ƙuri'a bakwai na ƙara maka da hannuna, a kan ɗana.

Wanda na kayar na ƙarshe ya rubuto min "gg". Kafin in gama tauna ƙosai in amsa, ya ƙara da tambaya, wai ni mutum ne?

Ka gaida ubangidanka. Ka ce masa ina nan ƙarfe ɗaya, in an bar mana wuta.

Naka cikin rashin barci,

Uban Ɗan Auta