Masu Zuwa Ɗebo Sifaniyanci

Malam Inna unguwa ce da ɗalibai suka cinye. Tun da aka kafa Jami'ar Jihar Gombe a 2004, zamanin Gwamna Danjuma Goje, ɗakunan haya suka yi ta tsirowa a gefenta, masu shayi da masu cajin waya da gidajen kallon ƙwallo suka biyo baya. A nan ake ƙulla tafiye-tafiyen da galibinsu ba sa wuce Tashar Dukku, har da na fita waje koyon Sifaniyanci. Burin ba shirme ba ne. Mutum kusan miliyan 500 ne suka sha harshen a nono, kuma da shi ake mulki a ƙasashe kimanin 20, daga Meziko zuwa Ajantina, har da Ikwatoriyal Gini da ke nan kusa da gaɓar Kalaba. Abin da ban yarda da shi ba shi ne cewa hawa jirgi ke sa baki ya buɗe. Harshe na wanda ya yarda a yi masa dariya ne, kuma kowane matafiyi da dabarar da yake kauce wa dariyar.

Ɗan gidan kallo ya riga ya gama rabin karatun a ransa, tunda ya haddace sunayen 'yan wasan Madrid har da na benci. In ɗan Barsa ne, Barcelona zai zaɓa, sai ya sauka ya tarar allunan titi da darussa da yawa na jami'a da Katalanci suke, wani harshe daban da ba a taɓa gaya masa ba a gidan kallo. Zai dawo da riga mai lamba da hotuna a ƙofar filin wasa.

Wanda ya fi shi yawa shi ne mai tukunya. Shirinsa na tafiya kuka ce da daddawa da kuɓewa busasshiya da yaji, sai kilishin da za a ƙwace a filin jirgi, domin Tarayyar Turai ba ta barin matafiyi ya shigo mata da nama a jaka. Kafin ya san hanyar makaranta ya gano ɗakin da 'yan Najeriya huɗu ke zaune, ya zama na biyar. Da safe BBC Hausa, da rana WhatsApp ɗin 'yan ajinsu na Gombe, da dare tuwo da fim ɗin Kannywood. Shekara na zagayowa ya dawo broka ɗinsa ta goge, ya iya gaisuwar Yarabanci, Sifaniyanci kuwa yana nan inda ya same shi. Za a ce kada a yi masa rashin adalci, kuma da gaskiya a maganar. Yaron da ya tashi a Jekadafari ya faɗa garin da cinyar alade ke rataye a shaguna, ana cin abincin dare ƙarfe 10, mace na gaida baƙo da sumba a kumatu. Wariya ma ba ƙage ba ce, duniya ta ga abin da aka yi wa ɗan ƙwallo Vinicius a filin Valencia a Mayun 2023. Wanda ya nemi 'yan uwansa a irin wannan hali bai yi laifi ba. Sai dai neman mafaka daban, tarewa a cikinta daban, kuma ba wanda ya sayar da fili don ɗansa ya je Turai ya ƙware a tuƙin tuwo.

Alaramman nahawu shi ne abin tausayi, don shi ya yi wahala. Salamanca ya nufa, jami'ar da aka kafa tun 1218, ya zauna jarrabawar DELE ta Cibiyar Cervantes, ya hau matakanta daga A1 yana hangen C2. Ba fi'ilin da ba zai jujjuya maka ba. Amma tura shi sayen burodi: zai tsaya yana gina jimla a zuci, yana duba namiji da mace, layi na tsawo a bayansa, ƙarshe ya nuna da yatsa. In ya gangara kudancin Sifaniya, inda ake haɗiye ƙarshen kalmomi, sai ya yanke hukuncin cewa mutanen garin ne ba su iya harshensu ba. Maƙwabcinsa a kudun shi ne ustazun Andalus, wanda ya zo ta'aziyyar mulkin da ya fara a 711 ya faɗi a 1492. Ya zubar da hawaye a fadar Alhambra, ya yi jayayya da masu gadin masallacin Kurɗuba da ya koma coci, ya ba kowa labarin As-Sahili, mutumin Garnada da ya biyo Mansa Musa bayan hajjin 1324. Duk wannan da Larabci yake yi, wurin 'yan Maroko masu sayar da shayi. Na wata uku da ya dawo ya manta Hausa kuwa ba sai an ɓata masa tawada ba, mai Keke Napep ya ninka masa kuɗi sau ɗaya Hausar za ta dawo har da karin magana.

Saura marar kunya, wanda ba a so a haɗa hanya da shi. Yana tare tsofaffi a tashar bas, yana ciniki inda ba a ciniki, yana mai da mace namiji a kowace jimla, a kwashe da dariya, ya taya su, ya tambayi daidai. Shi ne ke dawowa da harshen, har da ashar ɗinsa. Ba baiwa ba ce, tilas ce ya ɗora wa kansa. Ɗaliban Afirka da ke karatun likita a Kuba, a makarantar ELAM da aka buɗe a Habana a 1999, suna iya Sifaniyanci ne saboda marar lafiyan da ke gabansu ba ya jin wani harshe. Ba ma sai an je Kuba ba. Inyamurin da ya buɗe shago a babbar kasuwar Gombe yana ciniki da Hausa kafin shekara ta fita, ɗalibin kudancin Najeriya kuma ya yi shekara 4 a Malam Inna da "ina kwana" da "nawa ne" kawai. Gari ɗaya, kunne iri ɗaya, amma ɗaya abincinsa na cikin harshen.

Wani zai ce to a zauna gida mana, ga manhajar Duolingo a waya, ga gwamnati ma ta kafa ƙauyen Faransanci a Badagry a 1991 da na Larabci a Ngala a 1992 don su maye gurbin shekarar da ɗalibai ke yi a waje. Amma hikimar ƙauyukan nan ita ce ƙirƙiro tilas, a killace ka inda harshenka ba ya aiki. Waya ba ta yi maka dariya, in ka gaji ka kashe ta, ba ka kwana da yunwa don ka kasa faɗin shinkafa. Fita waje tana da amfani, sai dai amfaninta na wanda zai bari ƙasar ta matse shi ne, kuma ana iya gane shi tun kafin biza. Uban da ke shirin sayar da gona ya kira yaron, ya tambaye shi sunan wanda suke ɗaki ɗaya a Malam Inna. In ɗan Billiri ne ko Kaltungo, ya ce masa: gaishe ni da Tangalanci.