Kabin ɗin da muke tsomawa a shayi

Mu nan unguwa, in ka ce kabin babu wanda hankalinsa zai tafi kan ɗaki. Biskit ne kawai, busasshen nan na cikin kwali. Ɗan makarantar kwana ba ya barin gida sai an cusa masa kwali guda a akwati, gefen garin kwaki da sukari da madarar gari. Ranar suna ko saukar karatu mukan ƙulla shi a leda da alewa mu raba wa yara. A teburin mai shayi kuwa kowa ya san ƙa'idarsa: ka tsoma ka ɗago da wuri, in ka tsaya surutu ya jiƙe ya gutsure ya nutse, sai ka bi shi da cokali.

To amma a bakin masu kalmar, Turawan Ingila, kabin ɗan ƙaramin muhalli ne. Sun aro ta daga Faransanci wajen ƙarni na 14, asalinta kuma kapanna ce ta Latin. Akwai wani malamin Kirista a ƙasar Sifen, Isidor, wanda ya rasu a 636, ya rubuta cewa haka mutanen karkara ke kiran 'yar bukkar da masu gadin gonar inabi ke kafa wa kansu. Har ya ce wai an sa mata sunan ne don mutum ɗaya tak take ɗauka. Wannan ya burge ni ƙwarai, domin ita ce dai rumfar da yaranmu ke zama a ciki suna korar tsuntsaye daga gonar shinkafa.

Daga gona kalmar ta hau ruwa. Ɗan ƙurƙutun ɗakin da kyaftin ko fasinja ke kwana a jirgin ruwa ya zama kabin, kuma nan biskit ɗinmu ya samo sunansa: guzurin teku ne, ana gasa shi ya bushe ƙayau don ya yi watanni bai lalace ba. Shi ya sa yake kai ɗalibi ƙarshen zango. Alhazanmu ma a kabin suke zama daga Kano zuwa Jidda, don haka ake kiran wurin zaman fasinja a jirgin sama.

A Amurka har tinƙaho ake yi da kabin. Shugaba Abraham Lincoln an haife shi a 1809 a Kentaki cikin kabin na gungumen itace, ɗaki ɗaya, kuma ba sa ɓoyewa, yaransu suna karanta shi a makaranta. Mu kuwa da yawanmu in Allah ya ɗaga mu, kunyar bukkar da aka yanke mana cibiya muke ji, abin yana damuna.

'Yar kalmar, wato kabinet, ita ma ta yi gaba. Kabinet ɗan ɗaki ne na keɓewa, inda sarkin Ingila ke ganawa da amintattunsa a ƙarni na 17. Yau ita ce majalisar ministoci da muke jira a rantsar bayan kowane zaɓe. Su kuma ɗakunan tafi-da-gidanka da 'yan kwangila ke saukewa a bakin aikin titi, sunan da muke kiransu da shi na kamfanin Portakabin ne na birnin York a Ingila, wanda ya fara ƙera su a 1961.