Oga, Notin Nan Ya Cije

A wannan yanki namu, daga Funtuwa ka bi ta Bakori har Malumfashi, babur jaki ne da ya koyi shan fetur. Da damina mu ɗora wa Boxer buhun taki biyu, mu koma kan tanki mu zauna, mu kutsa taɓo har gona. Da kaka ya kwaso masara, ya kai waken suya kasuwar Dandume, ya dawo da uwargida da yara uku. Wanka kuwa sai ranar da aka ratsa rafi. Mutanen Indiya da suka ƙera shi, da za su ga abin da muke masa, da sun riƙe baki.

Shi ya sa duk ranar da muka tuna da gareji, magana ɗaya muke ji: "Oga, notin nan ya cije."

Galibi na salansa ne, don shi ke shan zafin inji da rana ya kwana cikin laka da dare. Ga kuma taki. Yuriya in ta sha danshi narkewa take, ta tsiyayo daga buhu ta bi kariya da ƙafar baya, tana cin ƙarfe a hankali. Tsatsa kuma ta fi ƙarfen da ta ci ƙiba, sai ta kumbura cikin zare ta riƙe gam.

Makon jiya na kai nawa. Ogan gareji ya fita sayen kaya, sai yaronsa. Ya nemi sifana mai lamba 12 bai gani ba, ya ɗauko 13, wai ai duk ɗaya ne. Ya ja ta zame, ya sake ja ta zame, kan noti mai kusurwa shida ya mulmule kamar curin fura. Nan fa majalisa ta zauna, don mu ba a gyaran babur a gabanmu mu yi shiru. Wani ɗan acaɓa ya ce man birki, digo uku ya isa. Mai shayi ya leƙo ya rantse da Coca-Cola. Wani dattijo da ke jiran a yi masa faci ya ce mu yaran zamani ne, shi tun yana hawan keken Raleigh kananzir ya sani. Wani da ya taɓa zama a Kaduna ya kawo zancen WD-40, gwangwanin feshin nan na Amurkawa, aka tambaye shi kuɗinsa, ya yi shiru.

Kowa cikinsu da gaskiyarsa, sai dai man birki yana cin fenti. Duk abin da aka zuba, so ake ya tsuma ya ratsa zare, mu kuwa jiran nan ne ba mu da shi. Mu zuba yanzu, mu ja yanzu. Yaro ya dafe sifana da guduma, ya zura mata bututun ƙarfe, ya hau da ƙafa. Ƙaras! Rabi a hannunsa, rabi a cikin inji. Aka yi salati, sannan kowa ya ce ai dama shi ya faɗa.

Oga ya dawo ya dubi ɓarnar, bai ce wa yaron komai ba, kallo ɗaya ya yi masa. Saura noti guda. Ya goge shi da burushin waya, ya jiƙa shi da kananzir, ya ce, "Malam, mu je mu yi Azahar." Da muka dawo ya ɗan ƙwanƙwasa shi da guduma kamar mai sallama a ƙofar surukai. Abin da ya ba ni mamaki, ƙara ɗaure shi ya fara yi kaɗan, sannan ya sassauta, ya ɗaure, ya sassauta, yana ɗiga mai. Notin ya yi wani ɗan kuka, jar ƙura ta zubo, ya fito da yatsu biyu.

Guntun da ya karye sai da muka tura babur wurin mai walda. Oga ya sa aka sauke tanki tukuna, don wuta da fetur ba a haɗa su wasa. Mai walda ya ɗora wani noti a kan guntun ya liƙe su, zafin ya girgiza tsatsar, aka bar shi ya huce, sifana ta samu abin kamawa. Oga yana tsaye a kansa yana cewa a bi a hankali, kan inji alminiyam ne, ya fi ƙarfe laushi, in zarensa ya cinye kuɗin ya tashi daga na goro ya koma na buhun masara.

La'asar sakaliya aka gama. Oga ya lakato giris ya shafa wa sabon zare, ya ce in riƙa kawo babur ana duba shi bayan damina. Na ce in sha Allahu, irin wadda muke faɗa wa tela. Yaro ya kama ɗauri, ya tsaya daidai inda ogansa ya nuna masa. Na dubi notin, na tuna ramukan hanyar gonarmu.

"Kai, ƙara mishi," na ce. "Ina bututun nan na ɗazu?"