Jinsunan Masu Yi wa Kwamfutar Wasa Fifita a Madarunfa

Kwamfutar wasa, wato kwamfutar cinya da aka ƙera domin wasannin bidiyo masu nauyi irin su eFootball da GTA V, na'ura ce da kusan duk lantarkin da ta sha yake komawa zafi. Masarrafa, wadda ke yin lissafi, da katin hoto, wanda ke zana abin da ido ke gani, su ne tushen zafin. A kansu ake shafa wani mai ruwan toka da ke cike 'yan ramukan da ke tsakaninsu da ƙarfe, sannan bututun jan ƙarfe ya ja zafin zuwa wasu siraran faifai da ke bakin mafitar iska, inda fanka ke hura shi waje. Idan aikin ya gagara har masarrafa ta doshi digiri 100, takan rage gudu da kanta gudun ƙonewa, sai hoto ya fara sarƙewa, ɗan wasa ya ƙame da ƙwallo a ƙafarsa. Kamfanoni irin su Dell da HP sukan rubuta digiri 35 a matsayin iyakar zafin ɗakin da ya dace da na'urorinsu, alhali a Madarunfa, garin da ke kudu da Maraɗi a bakin tafkin nan da kaburburan waliyyai 99 suka kewaye, Afrilu da Mayu sukan haura digiri 40 ko a inuwa, bayan hunturu ya gama ɗura ƙura a kowace kafa. Daga wannan saɓani tsakanin zaton maƙeri da halin ƙasa ne jinsunan da za a bayyana suka samo asali.

Mafi yawa kuma mafi ƙarancin ɓarna su ne masu ɗaga gindi, waɗanda ke sa marafen kwalba huɗu ko ɓallin bulo biyu ƙarƙashin na'ura domin iska ta sami hanyar shiga. Dabararsu tana da tushe, tun da ta ƙasa yawancin waɗannan kwamfutoci ke shaƙar iska, aibinsu ɗaya shi ne kowannensu ya yi imani shi ya fara gano ta.

Sama da su a ƙarfin hali akwai masu huji. Mutumin wannan jinsi yakan kwance murfin ƙasa ya kai wa mai walda, ya tsaya a kansa yana nuna inda za a huda, a bisa hujjar cewa ɗaki mai taga goma ya fi mai taga biyu iska. Abin da bai lura da shi ba shi ne, an tsara murfin ne domin ya tilasta wa iska bin wata hanya da za ta ratsa kan sassan da fanka ba ta kai musu kai tsaye, don haka idan aka buɗe mata gajeriyar hanya sai ta bi ta, ta bar waɗancan sassa suna dahuwa. A makon farko ma'auni kan nuna masarrafa ta ɗan yi sanyi, mai huji ya tara abokai shaida. Bayan wata biyu kuwa, ƙura da ƙananan ƙwari, wani lokaci har ƙwayar gero, sun gane ƙofofin da aka buɗe musu, kuma ba a sake tara kowa.

Jinsin da ya fi cancantar dogon nazari shi ne na 'yan ƙanƙara da randa, domin a cikinsu ake samun hankali da wauta a mutum ɗaya. Ƙananansu ledar ƙanƙara suke saye su naɗe a tsumma su tura ƙarƙashin na'ura, manyansu kuwa sukan ɗora ta a bakin randa ko kan jiƙaƙƙen yashi, kuma idan aka yi musu musu sai su kawo sunan Muhammad Bah Abba, malamin nan na jihar Jigawa da ya sami kyautar Rolex a shekarar 2000 saboda tukunya cikin tukunya, wadda ake cika tsakaninsu da jiƙaƙƙen yashi, ruwa yana ƙafewa yana tafiya da zafi. Hujjar tana da kyau a baki, amma an yi tukunyar ne domin tumatir da gauta, waɗanda suke zaune lafiya ba sa haifar da zafi daga cikinsu, ita kuwa kwamfutar wasa tana iya fitar da fiye da wat 100 matuƙar ana buga wasa. Mafi muni shi ne raɓa: duk ƙarfen da ya fi iskar ɗaki sanyi sosai yakan tara ɗigon ruwa, musamman gab da damina lokacin da iska ta yi laima, kuma ɗigo ɗaya a kan allon da sassa ke manne ya isa ya haɗa layukan lantarki biyu da bai kamata su gamu ba. Ɗan ƙanƙara ba ya amsa wannan laifi. Idan na'urarsa ta mutu yakan ce dama 'yar gwanjo ce, tun daga Kwatano aka kawo ta da ciwonta.

Likitocin shafi su ne masu canza man da ke kan masarrafa, aikin da a asali daidai ne, domin man yakan bushe bayan shekaru, kuma yawancin na'urorin da ke shigowa ta Jibiya da Ɗan Isa sun daɗe a hannun wasu. Sai dai jinsin ya rabu biyu. Kashi na farko masu tsimi ne, waɗanda suka ji an ce man goge baki ma yana yi, kuma lalle yana yi na 'yan kwanaki, kafin ya bushe ya zama alli, ɗaki kuma ya ɗauki ƙanshin na'ana'a. Kashi na biyu masu alfahari ne, waɗanda suka aika Kano aka sayo musu ruwan ƙarfe, wani haɗi na sinadarin galiyom da ya fi kowane mai ɗaukar zafi, amma yana ɗaukar lantarki, yana kuma cin alminiyom. Mai irin wannan na'ura ba ya yarda a karkata ta, yakan ɗauke ta a tafukan hannu biyu kamar mai ɗauke da ƙwaryar nono cike fal.

Masu kallon lamba, waɗanda galibi ɗalibai ne da suka dawo hutu daga Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo ta Maraɗi, su ne malaman fannin. Sun girka manhajar da ke nuna zafin kowane sashe a kusurwar allo, sun san rage ƙarfin lantarkin da ke shiga masarrafa kaɗan-kaɗan domin ta yi aiki ɗaya da ƙarancin zafi, kuma gaskiya ita ce dabararsu ta fi ta waɗanda aka ambata a baya amfani. Illarsu ita ce sun daina wasa. Ɗayansu yakan kunna wasan ƙwallo, a zura masa uku yana kallon ko digiri 84 za ta koma 83, kuma idan ta koma sai ya kashe na'ura ya fita neman wanda zai ba wa labari. A lokacin da Najeriya ta yanke wutar da take ba Nijar, daga Agustan 2023 zuwa farkon 2024, daga cikinsu ne aka sami masu jona fankoki uku a batirin sola domin fifita kwamfutar da cajinta bai wuce na sa'a guda ba.

Masu zuwa wurin mai faci ba su buƙatar dogon bayani: sun gane cewa ƙura ce babbar matsala, sai suka sa bakin tiyon iskar taya a mafitar na'ura ba tare da riƙe fanka ba, ta yi juyin da ba a ƙera ta dominsa ba, daga ranar kuma ta koyi gurnani. Wanda ya kwance murfi ya share ƙurar da tsohon buroshi a hankali ya fi su duka samun biyan buƙata, amma ba a lissafa shi cikin masana, domin bai sayi komai ba, bai kuma huda komai ba.

Akwai kuma jinsin da ba ya taɓa na'urarsa ko kaɗan, wanda yake buga wasa a kan katifa, bargo ya toshe kowace kafa, fanka tana kuka har maƙwabta su ji. Masu nazari sukan ɗauke shi a matsayin jahili ko mai sakaci, alhali bincike na kusa yana nuna ya fi kowa sanin abin da yake yi. Idan ƙaninsa ya ci shi biyar da nema, yakan ɗora tafin hannu a kan madannai, ya janye da sauri, ya ce, "Taɓa ka ji, yaro, ai zafi ne ya riƙe min ɗan wasa." Shi ya sa duk lokacin da mai gyara ya ce masa, "Maigida, kawo in share maka ita, ko dala ba zan karɓa ba," sai ya yi godiya, ya ce sai bayan salla.