Nazari a Kan Karin Kumallon Minti Biyar

Daga cikin nau'o'in abincin safe da suka samu ɗaukaka a Amurka da Ingila a 'yan shekarun nan, babu wanda aka fi yi wa shaidar sauri irin gasasshen burodin da ake shafa wa farin cuku mai gudaji, a jera 'ya'yan itace a kansa, sannan a ɗiga masa zuma. Masu koyar da shi a intanet sun yi ittifaƙi cewa minti biyar ya ishe shi, masu tsattsauran ra'ayi daga cikinsu ma suna cewa uku, kuma a kan wannan alkawari aka gina martabarsa gaba ɗaya, domin wanda ake tallata wa shi mutum ne da ya yi imani cewa ba shi da lokaci, ko da kuwa ya share sa'a guda a kwance yana latsa waya kafin ƙafarsa ta taɓa ƙasa. Kayan haɗin huɗu ne, kuma biyu daga cikinsu suna da tarihin da ya kamata a duba kafin a zo ga batun mintocin, wanda nan ne hujjar masu wannan abinci take ɗingishi.

Burodin da ake amfani da shi yankakke ne tun daga gidan burodi, abin da bai shiga kasuwa ba sai a 1928, lokacin da wani gidan burodi a garin Chillicothe na jihar Mizuri ya fara aiki da injin yanka da Otto Rohwedder ya ƙera. Amurkawa sun shaƙu da wannan sauƙi ƙwarai, har ta kai lokacin da gwamnatinsu ta hana sayar da yankakken burodi a watan Janairun 1943 domin tsimin kayan aiki saboda yaƙi, ƙorafi ya yi yawa, kuma ba a wuce watan Maris ba aka janye dokar. Ma'ana, al'ummar da take gwabzawa da Jamus da Japan a lokaci guda ba ta iya jure wata biyu cikakku tana yanka burodi da wuƙa ba. Ita kuwa na'urar gasa burodi mai cillo shi sama idan ya gasu, Charles Strite ne ya samu takardar mallakar fasaharta a 1921, kuma aikinta kawai shi ne ta haddasa abin da masana kimiyya ke kira sauyin Maillard, wato haɗuwar sukari da sinadaran gina jiki a ƙarƙashin zafi, wadda ke sa abinci ya yi ja ya yi ƙamshi. Bafaranshe Louis-Camille Maillard ne ya bayyana wannan sauyi a 1912, ko da yake masu tsire da masu ƙosai sun daɗe suna aiwatar da shi ba tare da an sa wa kowa sunansa ba.

Cukun ya fi burodin tarihi mai ban tausayi. Ana yin sa ne da madarar da aka riga aka kwashe wa mai, a sa mata ƙwayoyin tsami har ta daskare, a yayyanka daskararren ƙanana, a ɗumama shi a hankali har ruwan ya rabu, a tace, a wanke gudajin da ruwan sanyi domin rage tsamin, sannan a mayar masa da ɗan kirim da gishiri don ya haɗiyu. Ba a ajiye shi ya tsufa yadda ake yi wa cukun Faransa da na Italiya, saboda haka ba ya da ƙamshi mai ƙarfi, ba ya da ɓawo, ba ya kuma daɗewa. Asalinsa dabarar matan manoma ce ta kada a zubar da abin da ya rage bayan an cire man shanu. A lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya, ma'aikatar noma ta Amurka ta buga fastoci tana roƙon jama'a su ci wannan cuku a madadin nama, domin a aika naman ga sojoji, kuma duk abincin da sai gwamnati ta buga fasta tana roƙon a ci shi, an riga an san matsayinsa a zukatan masu cin.

Bayan yaƙe-yaƙen ya samu sabon muƙami a matsayin abincin masu rage ƙiba. A tsakiyar ƙarni na ashirin gidajen abinci a Amurka sukan ajiye wani faranti na musamman domin masu wannan niyya, wanda ya ƙunshi cokalin cuku a kan ganyen latas, da yankan ɗan itace na gwangwani a gefe, ana kai wa mutum shi yana kallon maƙwabcinsa na cin soyayyen dankali. A farkon shekarun 1970 kowane Ba'amurke yana cin fiye da kilo biyu na wannan cuku a shekara idan aka yi matsakaicin lissafi. Babban masoyinsa a wancan zamani shi ne Shugaba Richard Nixon, wanda aka sani da cin sa da jan romon tumatir na kwalba, kuma a ranar da ya sanar da murabus ɗinsa a watan Agustan 1974, abincin ranar da aka kai masa shi ne yankan abarba da cuku da kofin madara. Mai ɗaukar hoto na fadar shugaban ya ɗauki hoton farantin, hoton kuma yana nan a ma'ajiyar tarihi, wanda hakan ya sa Nixon ya riga matasan yau da kusan shekara hamsin wajen ɗaukar hoton cuku da ɗan itace kafin a ci, sai dai shi yana da uzurin cewa ranar ta tarihi ce. Daga nan tauraron cukun ya dusashe, yogot ya ƙwace masa kasuwa, cinsa ya ragu zuwa ƙasa da rabin abin da yake a da, ya koma abincin da ake tarar da shi a firjin kakanni.

A 2023 ne dandalin TikTok ya tono shi. Dalilin farfaɗowar shi ne furotin, wato sinadarin gina jiki, wanda a wannan zamani ya tashi daga matsayin darasin aji huɗu na firamare ya zama aƙida mai mabiya, waɗanda ke ƙirga giram ɗinsa da safe da rana da dare, suna kuma tambayar juna adadin da suka samu kafin su tambayi lafiyar iyali. Giram ɗari na wannan cuku yana ɗauke da furotin kimanin giram goma sha ɗaya, mafi yawansa irin wanda ake kira kasin, mai narkewa a hankali a ciki, don haka yana riƙe yunwa, kuma wannan gaskiya ce da babu mai musunta. Abin da ya biyo baya ne ya wuce gona da iri: aka niƙa cukun aka yi askirim da shi, aka gasa shi aka ce burodi ne, aka zuba shi a miyar taliya, kuma kusan duk waɗannan dabaru manufarsu ɗaya ce, a ɓatar da gudajin nan da mutane ke ƙyama, a ci cukun ba tare da harshe ya gane an ci shi ba. Shafa shi a kan gasasshen burodi shi ne mafi mutunci daga cikin hanyoyin, domin a nan aƙalla ana barin sa ya fito da fuskarsa.

Idan aka zo ga lissafin lokaci, wajibi ne a yarda cewa minti biyar ɗin gaskiya ne ga wanda zai ci abincin kawai. Burodi yana gasuwa cikin minti biyu zuwa uku, shafa cuku bai kai minti ɗaya ba, yanka ayaba kuwa ko yaro zai yi. Matsalar ita ce mai wannan karin kumallo ba kasafai yake yin sa domin ci kawai ba. Da farko akwai zaɓen faranti, domin farin cuku a kan farin faranti ba ya fitowa a hoto, don haka ake nemo wani mai duhu, wanda zai fi kyau idan ya yi kama da aikin hannu. Sai yankan sitiroberi, wanda dole kowane yanki ya yi kauri ɗaya da ɗan'uwansa, wanda ya karkace kuwa a jefa shi baki a ɓoye shaida. Sai jeren, wanda ake yi da irin natsuwar da gwaggo ke jera kwanukan amarya a kabad: a ɗora, a ja da baya a duba, a sauke, a sake. Sai a yayyafa kirfa ko wasu ƙananan ƙwayoyi baƙaƙe da ake kira ciya, a kuma watsa kaɗan a kan tebur da gangan domin a nuna cewa an yi komai cikin gaggawa, kuma wannan watsawar ita kanta takan ɗauki gwaji biyu ko uku kafin ta yi kama da kuskure. Sai a ɗauki farantin a kai bakin taga, saboda hasken kwan lantarki yana sa cuku ya yi rawaya. Mafi wahala shi ne ɗigar zuma, domin ana son a kama ta tana sauka daga cokali, hannu ɗaya na riƙe da cokalin, ɗaya na riƙe da waya, na ukun da ya kamata ya gyara farantin kuwa sai an taso wani daga barci ya ba da aron nasa.

A duk tsawon wannan lokaci ilmin kimiyya bai tsaya jiran kowa ba. Kusan kashi tamanin cikin ɗari na wannan cuku ruwa ne, yankakken ɗan itace kuma da ya haɗu da zuma sai ya fara tsatsafo da nasa, ruwan biyu su bi ƙofofin burodin su sauka, ƙarfin da na'urar Strite ta ba shi ya tafi. Masu koyarwa na ƙwarai sun san haka, shi ya sa suke ba da shawarar a nemi burodi mai kaurin yanka, a gasa shi sosai, a bar shi ya sha iska kaɗan, a tsane ruwan cukun, a kuma ci nan take. Sharaɗin ƙarshen ne ake karyawa kullum. Abin da ake ci bayan minti arba'in sanyayyen jiƙaƙƙen burodi ne mai lanƙwasa a hannu, wanda sitiroberinsa ke zamowa kan riga, ana cin sa a tsaye da hannu ɗaya, ɗayan yana rubuta wa duniya cewa safiyar nan ta zo da sauri ƙwarai, ba a samu sukunin yin wani abin kirki ba sai ɗan wannan.

Ba wannan ne karo na farko da yankin burodi ya ɗauki nauyin da ya fi ƙarfinsa ba. A 2017 wani attajiri mai gina gidaje na Ostareliya, Tim Gurner, ya faɗa a talabijin cewa matasa ba za su mallaki gida ba muddin suna kashe kuɗi a kan burodi da fiya da kofi mai tsada, maganar da ta tayar da ƙura a ƙasashe da dama, har masu lissafi suka zauna suna ƙirga yawan farantin da mutum zai haƙura da shi kafin ya tara kuɗin kafin alƙalami na gida. Cuku ya gaji kujerar fiya da wata fa'ida guda, wato ya fi ta kama da tawali'u. Mai cin sa yana iya nuna cewa shi mai kula da lafiya ne, mai tsimi ne, mai yawan aiki ne, duk a hoto ɗaya, ba tare da an zarge shi da almubazzaranci ba.

Wannan abinci ya iso ƙasar Hausa ta hanyar da komai ke isowa yanzu, wato ta fuskar waya, ya kuma tarar da ƙasar da ba baƙuwar madara ba ce. Fulani sun daɗe suna daskarar da madara da ruwan tumfafiya su yi wara, makiyayan Nijar suna busar da nasu cukun falle-falle ya yi watanni bai lalace ba, kindirmo kuma yana zuwa har ƙofar gida a cikin ƙwarya. Sitiroberi ma ana nomansa a tsaunukan Filato. Amma wanda ya ga hoton a Instagram ba ya neman ɗanɗano, hoton yake nema, don haka mai nono za ta wuce ta ƙofar gidansa yana can yana zagayen manyan kantuna yana neman roba mai rubutun Turanci, wadda tafiyar nemanta kaɗai ta cinye minti biyar na wata guda. Idan an samu, sai a fuskanci sharuɗɗa biyu da marubutan Amurka ba su taɓa ambata ba saboda ba su san cewa sharuɗɗa ne ba: cukun yana bukatar firji mai sanyi dare da rana, na'urar gasawa kuma tana bukatar wuta a daidai lokacin da ake jin yunwa. Inda aka rasa na biyun akan koma ga kasko, a gasa burodin a kan risho ko gas, wanda ke ba da sakamako mai kyau amma ba a nuna shi a bidiyo.

Hukuncin ƙarshe a irin waɗannan gidaje ba na mabiya a intanet ba ne, na mutanen gida ne, waɗanda ma'aunin karin kumallo a wurinsu shi ne ya kai mutum azahar ba tare da ya yi hamma ba. Maigida yakan ci nasa yankin cikin yabo, ya ce lallai abin na masu ilmi ne, sannan a ga motarsa ta tsaya a wurin mai ƙosai a kan kwana. Idan kuwa aka yi dace Hajiya ta zo kwana biyu aka kai mata farantin, takan ɗauka ta juya shi ta duba ta kowane ɓangare, ta cinye cikin loma uku, ta sa albarka, ta share hannu, sannan ta gyara zama ta ce: "Madalla, 'yar nan, wannan ya buɗe mini ciki. To, a kawo abin karin."