Risala a kan Kaurin Baƙin Mai da Hukunce-hukuncensa a Ƙasar Zafi

Ka sani, ya kai ɗalibi, Allah Ya tsare maka injinka daga bugawa, cewa malaman gareji sun rabu gida biyu a kan mas'alar baƙin mai. Akwai mazhabar Kauri, wadda ita ke da rinjaye tun daga Ƙofar Ruwa ta Kano har Fanteka ta Kaduna. Karantarwarta gajeriya ce: ƙasarmu ƙasar rana ce, saboda haka kowace mota a ɗura mata 20W-50, ko da jiya ta baro Kwatano. Akwai kuma mazhabar Littafi, masu cewa a duba abin da maƙerin motar ya rubuta. Waɗannan 'yan tsiraru ne, domin littafin kan ɓace a hanya, idan kuma ya iso sai a tarar da Jamusanci aka rubuta shi.

Babbar hujjar mazhabar Kauri ita ce gwajin yatsa. Ga siffarsa yadda aka gada daga magabata. Bakanike zai buɗe galan, ya ɗiga mai a babban yatsa, ya murza, ya ware yatsun sannu a hankali yana kallon zaren da ya miƙe tsakaninsu, ya kai hanci, ya yi jim don mai mota ya san ana aiki, sannan ya yanke hukunci: "Alhaji, wannan ai ruwa ne. Kafin ka kai Gusau rana ta shanye shi." Alhaji kuwa sai ya ce, "To, Injiniya, yadda ka gani." Gwajin ya inganta ta kowace fuska sai ɗaya. Zafin jikin ɗan Adam digiri 37 ne, man kuwa a wajen digiri 100 zai yi aikinsa, kuma har yau ba a sami malamin da ya yarda ya maimaita gwajin a can ba.

Fasali a kan lambobin jikin galan

Ƙungiyar injiniyoyin mota ta Amurka, SAE, ita ta fara kasa mai aji-aji bisa kaurinsa a 1911, ƙa'idar da ake bi yanzu kuma sunanta J300. Kowane mai yana kauri da sanyi ya tsinke da zafi, tamkar manja mai barci a kwalba da hunturu, ya farka da zarar ya ji kasko. Shi ya sa lambar take biyu.

Ta farko, mai harafin W, zancen sanyi take. Ana gwada 0W a digiri 35 ƙasa da sifili, 5W a 30, 20W a 15. Ba a ruwaito irin wannan sanyi a Jos ba, balle Nguru. Ke nan mutumin Arewa ya huta da rabin mas'alar, sai dai ƙaramar lamba tana da ɗan fifiko: da asuba man ya fi saurin hawa kan inji, a daidai lokacin da ƙarfe ke gogar ƙarfe babu mai shiga tsakani.

Ta biyu ita ce ta rigima, kuma a digiri 100 ake auna ta, da ma'aunin santistok, wanda ya ci sunan George Stokes. Mai lamba 30 yana tsakanin 9.3 da 12.5, mai 40 ya kai 16.3, mai 50 ya tsaya a 21.9. Dalilin da ya sa mai guda yake cika sharuɗɗa biyu shi ne ana zuba masa wasu sinadarai masu dogon zare da ke hana shi saurin tsinkewa idan ya ɗauki zafi.

Fasali a kan ko inji ya san garin da yake

A watan Afrilu zafin Sakkwato da Maiduguri da Agadas kan haura digiri 40. Wannan gaskiya ce, kuma duk wanda ya taɓa sitiyari da azahar shaida ne. Amma inji mai lagireto yana da gwamnatin kansa. Akwai wani ɗan murfi, tamostat, da ke tsare ruwa har sai ya kai digiri 80 da wani abu kafin ya buɗe masa hanyar lagireto, fanka kuma ta kama idan ya zarce. Lafiyayyen inji, a Mosko yake ko a Gashuwa, kusan zafi ɗaya yake aiki. Birnin Finiks na jihar Arizona yakan haura 40 a watan Yuli, motocinsa na zamani kuma 0W-20 suke sha, ba a ji ana zaman makokinsu ba.

A nan ne mazhabar Kauri ta yi wani ijtihadi mai ban mamaki. Da mota ta shigo, abu na farko a cire tamostat, wai na ƙasar sanyi ne, a kuma ɗaure fanka kai tsaye don ta riƙa juyawa tun daga kunna makulli. Sakamakon haka inji ya jima bai yi ɗumi ba, ya ƙara shan fetur, raɓa da ɗanyen fetur su taru cikin mai. Sai a ɗora masa mai kauri saboda tsoron zafin da aka riga aka hana shi kaiwa. Ana kiran wannan a wajen masana da suna aiki biyu, kuɗi biyu.

Adalci ya wajabta a faɗi abin da ke hannun 'yan Kauri. Amurka tana da dokar tsimin fetur tun 1975, kuma tana cikin abin da ya tura kamfanoni ga mai marar kauri. Sau da yawa mota ɗaya, littafinta na Amurka ya ce 0W-20, na wata ƙasa ya yarda da 5W-30. Dogon gudu da lodi a tsakar rana, ko cunkoso da na'urar sanyi a kunne, suna ɗaga zafin mai. Don haka hawa mataki ɗaya ya halatta idan littafi ya ba da dama. Tsalle daga 20 zuwa 50 kuwa ba shi da madogara.

Fasali a kan asalin saɓanin

A 1883 wani Bature, Beauchamp Tower, yana gwajin ƙarfen da gatarin jirgin ƙasa ke juyawa a ciki, ya huda rami don zuba mai. Mai ya riƙa ɓulɓulowa. Ya toshe, toshiyar ta fito. Ya buga katako, shi ma man ya tunkuɗo shi. Ashe ƙarfe mai juyawa yana jan mai ƙarƙashinsa har ya hau kai, kamar yadda Osborne Reynolds ya warware da lissafi a 1886. Kaurin da ake bukata kuwa ya danganta da faɗin ratar da ke tsakanin ƙarafan da gudunsu da nauyin da ke kansu.

Malaman Kauri a kan Fijo 504 suka yi karatu, wadda aka riƙa haɗawa a Kaduna, kuma fatawarsu a kanta daidai ce. Sai dai almajirai sun haddace amsa sun manta tambaya. Injin zamani hanyoyin mansa sirara ne, kuma irin VVT-i na Toyota da matsin mai yake sauya lokacin buɗe bawul, ta wata 'yar rariya. Ka ba shi mai kauri, ka kuma jinkirta juye, sai ya fara kakari da safe, fitila ta kama, bakanike ya ce ai tun can Turawa suka gama da motar.

Wasu mas'aloli

Tsohuwar mota mai hayaƙi, wadda ringi ya ci, mai kauri yana rage mata shan mai da ƙara. Lallashi ne kafin a tara kuɗin aiki. Tirela da tifa yawanci 15W-40 na dizal. Babur da Adaidaita Sahu, da yake iska ke sanyaya yawancinsu, suna zafi na gaskiya, kuma a nan 20W-50 ya sami gidansa, sai dai a nemi mai tambarin JASO MA, domin kulocin babur cikin mai yake, na mota kan sa shi santsi. Ƙurar hunturu da gajerun tafiye-tafiye suna cikin abin da littafi ke kira aiki mai tsanani, hukuncinsu a gaggauta juye, a sauya filtar mai da ta iska.

An tambayi malamai game da man da ake aunawa a gorar ruwa daga duro a bakin titi, shin lamba nawa ne? Suka ce lambarsa ita ce duk wadda mai saye ya ambata. An kuma tambaye su hukuncin wanda jar fitilar mai ta kama masa a hanya, ya liƙe ta da baƙin salatif ya ci gaba da tafiya. Mazhabobin biyu sun haɗu a kan cewa wannan ya fita daga babin baƙin mai, a nemi mas'alarsa a babin sayen inji ɗan Beljiyam.