Taƙaitaccen Bayani Kan Ilimin Kallon Tsuntsu Ba da Niyyar Miya Ba

Masana wannan fanni sun haɗu a kan cewa kallon tsuntsu shi ne mutum baligi, mai cikakken hankali, ya tashi tun da asuba, ya bar iyalinsa da kokonsa, ya tafi inda tsuntsu yake ya tsaya yana dubansa, sa'an nan ya komo gida hannu rabbana. Wannan sharaɗi na ƙarshe shi ne ginshiƙi. Wanda ya komo da tsuntsun a aljihu ya fita daga fannin, ya faɗa wani mai suna farauta, wanda ya fi tsufa, ya kuma fi yawan ɗalibai.

Ilimin ya yi ƙarfi ne a Ingila, inda a 1889 wasu mata suka kafa ƙungiya don hana kashe tsuntsaye saboda gashin da ake ƙawata huluna da shi. Ita ce ta zama RSPB. A can akan keɓe wani yanki na bakin teku mai gajerun itatuwa da sarƙaƙƙiya, a fitar da 'yan hanyoyi, a gina ɗaki mai ƙananan tagogi inda mutum zai laɓe kada tsuntsu ya gan shi. Mu ma muna da irinsa a Lekki ta Legas tun 1990, fili mai hekta 78, da wata gadar igiya mai tsawon mita 401 da aka rataya daga baya a saman itatuwa, domin mai kallo ya haɗa ilimi da tsoro a tafiya guda.

To, binciken da aka yi ya zuwa yau bai gano teku a Bacirawa ta Kano ba. Daji ma babu. Ƙasar arewacin Kano, wadda Bature Michael Mortimore ya daɗe yana nazarin cunkoson gonakinta, ba ta da taƙi ɗaya da ba shi da mai shi. Daga gona sai gona, sai burtali, sai gawo da ɗorawa da kuka da tsamiya, kowace bishiya an san magadanta. Manyan namun dajin da suka rage su ne gafiya, kurege, bushiya da damo. Wannan ya sa wasu suka yanke cewa fannin bai iso nan ba. Hukuncin nan akwai gaggawa a cikinsa.

A duba abin da ake nema ga ƙwararre: ya iya sammako, ya jure rana, ya daɗe wuri ɗaya, ya bambance tsuntsu da ɗan'uwansa tun daga nesa, ya san lokacin zuwan kowanne da hanyar da yake biyowa. Duk yaron da aka taɓa turawa gadin gero lokacin da zangarniya ta fara ido ya cika waɗannan sharuɗɗa kafin ya sauke izu biyar. Ya san kurciya ba ta da ɓarna kamar marai, ya san hazbiya daga yadda take fiffika, ya san in garke ya taso daga gabas wace gona zai fara sauka. Abin da ya raba shi da takwaransa na Turai kayan aiki ne. Wancan yana da madubin hangen nesa da littafi da alƙalami. Wannan yana da gwangwani da tsakuwa a ciki, da majajjawa, da murya. Wancan in ya ga tsuntsu sai ya yi shiru don kada ya tashi, wannan kuwa tashin shi ne maƙasudin zaman. Malaman ƙarƙashin tsamiya sun yi saɓani kan ko ihu yana ɓata kallo. Mafi rinjaye sun tafi a kan cewa ba ya ɓatawa, matuƙar an riga an gane tsuntsun kafin a yi ihun.

Ko dabarar laɓewa ba baƙuwa ba ce. Maharbin Hausa ya daɗe yana ɗaura kan burtu a goshi, ya durƙusa yana tafiya yana gyaɗa kai, har ya shiga tsakiyar dabbobi ba su ankara ba. A fagen kusantar abin kallo babu madubin da ya kai wannan. Matsalarsa ɗaya ce: yadda yake rufe darasin.

Akwai kuma tsuntsun da Bahaushe yake kallo tsakani da Allah, ba danƙo ba tarko, wato shamuwa. Tana yin rani a kudancin Afirka, ta dawo gab da faɗuwar damina ta yi sheƙa a bishiyar tsakiyar gari, ba mai taɓa ta. Manomi yana ganinta sai ya shiga neman iri da gyaran fartanya. Sai dai masu tsanantawa sun ce wannan kallo bai inganta ba, domin akwai amfani a cikinsa, alhali fannin ya ginu ne a kan rashin amfani.

Wanda yake son ganin abin a kan ƙa'idarsa sai ya nufi gabas, fadamun Haɗejiya da Nguru. Can ne Baturiya take a Jigawa, da Dagona a ƙasar Bade ta Yobe, wadda Yarima Philip mijin Sarauniyar Ingila ta lokacin ya ziyarta a 1989. Da hunturu tsuntsayen ruwa sukan taso daga Turai, su ƙetare Bahar Rum da Sahara ba fasfo ba biza, su tarar da dinya da kirinjijiya da zalɓe da jinjimi. Masana kuma sukan biyo bayansu a jirgin sama, da biza, don su ƙirga su. A wannan fadama ce fannin ya gamu da mas'alarsa mafi wuya. Bayan gina madatsar Tiga a 1974 da ta Calawa a 1992, ambaliyar da takan zo ta tafi ta sauya hali, ruwa ya riƙa kwanciya a wasu wurare duk shekara, ciyawar kacalla ta toshe magudanai. Kacalla kuwa masauki ce ga jan baki, wanda ake ɗauka ya fi kowane tsuntsun daji yawa a duniya. Saboda haka a rana ɗaya, a bakin ruwa ɗaya, za a iya samun mutum biyu sun ɗaga kai suna duban garke guda ya rufe sama. Ɗaya yana cewa masha Allah, ɗaya yana salati. Nazari ya nuna abin da ke kawo wannan bambanci shi ne waye mai shinkafar.

Gauraka, wadda ake kira tsuntsuwar ƙasa ta Najeriya, ta yi ƙaranci a fadamun nan ƙwarai. Ɗalibin da ya matsu ya gan ta zai fi saurin dacewa in ya leƙa tsakar gidan wani attajiri a birni, inda take yawo tsakanin motoci.

Ga mai ƙaramin guzuri akwai dajin Falgore a kudancin Kano, akwai kuma gidan zu na Audu Bako, wanda ya ba fannin gudummawa a 2019, lokacin da labari ya bazu cewa goggon biri ya haɗiye kusan Naira miliyan 7 na kuɗin shiga. Gwamnan lokacin ya fito ya bayyana cewa gidan ba shi da goggon biri ko ɗaya. Har yau wannan ita ce dabba mafi shahara da aka taɓa rashin gani a Kano.

Saura mas'alar da ɗalibai suka fi yawan tambaya: mutum ya zauna a ƙofar gida da yamma yana kallon zabinsa, ba da wata niyya ba, shin ya shiga fannin? Amsa ita ce ya shiga, kuma kallonsa ingantacce ne, har zuwa ranar da surukai suka yi sallama.